Kwano Biyu

Kwano biyu ne a rumfata ta kasuwar Zuru.
Ɗaya na saye, cikinsa zurfi kamar rijiya,
ɗaya na sayarwa, na bubbuge gindinsa da dutse
tun shekarar da aka haifi Rifkatu, babbar ɗiyata.
Ba wanda ya sani sai ni da dutsen.

Ina saurayi aka yi mini baftisma a rafin bayan Dabai.
Fasto Barnaba ya danna kaina har na sha ruwa,
na fito ina tari, mata na guɗa a bakin gaɓa.
Kaina ya jiƙe, ƙirjina ya jiƙe,
amma babban yatsana na dama,
ina jin bai taɓa ruwan nan ba.

Shi ke shiga kwano ya ci gurbin dawa.
Ran Lahadi ya buga ganga a majami'a,
ran kasuwa ya rage tuwon marayu loma-loma.
Na sha ce masa bari, ya ce to.
Haka wuta-wuta ke yi wa manomi:
fure gwanin kyau a sama,
baki kan saiwar dawa a ƙasa.

Sai ranar da Gwaggo Saraya ta dawo.
Tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa.
Da safe ta auni kwano uku ta kama hanyar Senchi,
la'asar sakaliya sai ga ta, ƙafa duk taɓo,
tana kwance bakin zane:
“Ɗana, awonka ya yi yawa.
Na sake aunawa a gida. Ga naka.”

Ashe hannuna ne ya ɓata hanya,
na auna mata da kwanon saye.

Dawa cikin tafi biyu,
ba ta kai kuɗin mashin ɗin da ta ƙi hawa ba.
Shekara goma sha ɗaya ina rage mata,
rana ɗaya na ƙara bisa kuskure,
ta tako ta maido.

Wa'azi nawa ya bi ta kaina
kamar ruwa kan ganyen gwaza,
sai ga tafin tsohuwa ya fasa ni.
Daren nan tabarma ta ƙi ni.
Na durƙusa bayan ɗaki, kusa da akurkin kaji,
na ce, Yesu, bakina ka daɗe da samu,
hannun ne na ɓoye maka.
Ga shi. Ni na kasa da shi.

Washegari na kai kwanon maƙera.
Iliyasu ya juya shi, ya dube ni, bai ce uffan ba.
Duk gudumar da ya sauke
a haƙarƙarina nake jin ta.
Ya ce, “Gindi ya koma, amma tabo ba zai ɓace ba.”
Na ce bar shi, ina son in riƙa ganinsa.

Kada ku ce na gama.
Ciniki ya ragu, nama a miya sai jefi-jefi.
Waɗanda na tuna, ina ƙara musu tafi a ɓoye,
waɗansu kuwa sun kwanta dama da bashina,
wannan sai dai jinƙan Ubangiji.
Jiya ma yatsan ya rarrafa bakin kwano,
kamar akuyar da ta saba da ɓarna,
sai na ji Ruhu ya dafa kafaɗata a hankali.
Na zubar, na sake awo.
Mai saye ya ce, lafiya? Na ce ana samu.

Kwano ɗaya ne yanzu a rumfa,
ɗayan kaji ke shan ruwa a ciki.
Da asuba, bayan addu'a, kafin in fita,
nakan tsoma yatsan nan a ƙwaryar ruwa
in ce masa, kai ma shiga,
an daɗe ana jiranka a rafi.